Filin Tambaya da Amsa: zaman 'yan Python a Sakkwato

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da na ɗan taɓo maganar zaman da muke yi na masu rubuta manhaja da yaren Python a nan cikin garin Sakkwato, saƙonni suka yi ta shigowa, wasu ma cikin dare, sai na tsamo guda biyar waɗanda na ga sun ɗauko kusan duk abin da sauran ke tambaya. Ga wanda bai ga wancan rubutun ba, zama ne na Asabar ɗin farko ta kowane wata, daga ƙarfe goma na safe zuwa kiran sallar azahar, a wani aji da aka ara mana, ba kuɗin shiga, ba cike fom. Wasiƙun na bar su da Hausarsu yadda aka turo, sunaye kawai na cire.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗalibi na, ina aji biyu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma ba kwamfuta nika karantawa ba. Ina son in zo wanga zama naku amma ban da laftof, waya ɗai gare ni, kuma ban iya komi ba in ba print ba. Tsoro nika ji in zo a yi min dariya. Wai mi aka yi wurin ma tukuna? Daga wani ɗalibi a Mabera.

AMSA: Ƙanena ka zo, kuma ka zo da wayar nan taka a cike da caji. Tunda ka iya print, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta nuna rubutu a allo, to ka riga ka taka matakin da da yawa daga cikinmu muka fara da shi, kuma babu wanda zai yi maka dariya, don wanda ma ya shekara goma yana wannan sana'a kullum sai kwamfuta ta watso masa jan rubutu ta ce ya yi kuskure a layi kaza. A wayar Android akwai Pydroid 3 da za ka sauke ka rubuta Python a ciki ya yi aiki ko ba data, akwai Termux ga wanda ya ɗan yi nisa, akwai kuma Google Colab da ake buɗewa ta intanet kyauta, sai dai shi yana son data. Wahalar waya ita ce tazarar farkon layi, domin Python ba ya wasa da ita, an saba barin gurbi huɗu a ƙarƙashin kowane if ko for, in layi ɗaya ya goce sai ya ƙi tafiya, to a ƙaramin allo ido yana saurin ɓata. Shi ya sa a zaman muke haɗa mai waya da mai laftof su zauna benci ɗaya, ɗaya na bugawa ɗaya na duba masa, bayan minti goma sha biyar su yi musanya.

Abin da ake yi kuwa, bari in ba ka labarin zama ɗaya ka gani da idonka. Wani malamin Islamiyya ne ya zo da sunayen ɗalibansa sama da ɗari, yana so kwamfuta ta jera masa su bi da bi daga A, ya yi amfani da sorted, umarnin Python mai jera abubuwa, kamar yadda ya gani a bidiyo, komai ya jeru lafiya lau amma su Ɗahiru da Ɗayyabu da Ƙasimu duk sun gangara can ƙasa, bayan Zainab da Zubairu. Ya ce kwana uku yana fama, har ya fara zargin laftof ɗin. Muka haɗa na'urarsa da firojekta kowa na kallo, sai wata ɗaliba da ke zaune a baya ta ce a tambayi Python lambar kowane harafi da ord. Aka buga D ya ba da 68, aka buga Z ya ba da 90, aka buga Ɗ sai ga 394, Ƙ kuma 408. Nan take aji ya ɗauki "ashe!", domin kwamfuta ba abacada take bi ba, lambobin tsarin Unicode take bi, kuma haruffanmu masu lanƙwasa lambarsu tana can nesa da ta haruffan Turanci. Maganin shi ne mu rubuta jerin haruffan Hausa da hannunmu, mu ba sorted shi a matsayin ma'aunin da zai bi. Ana cikin haka wani ya ɗaga hannu ya ce to sh da ts fa, ai a Hausa kowanne harafi guda ne, wani kuma ya ce rabin sunayen ma an buga su da D' ko 'D saboda kibod ɗin wanda ya shigar ba shi da Ɗ, gardama mai daɗi ta ɓarke har aka kira salla ba mu gama ba, muka ɗaga sauran zuwa wata mai zuwa.

Ka ga wannan matsala da wuya ka ci karo da ita a bidiyon da aka yi a Amurka ko Indiya, don su sunayensu ba su da Ɗ. Tamu ce, kuma a zama irin wannan ake warware ta. Kai da ba kwamfuta kake karantawa ba ma ka fi mu abin kawowa, in noma kake karantawa ko lissafin kuɗi ko harhaɗa magunguna, ka zo da wani aiki na sashenku da yake cin maka lokaci, da shi za a koya maka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu ma mun hwara namu zama bara. Rana ta hwarko mutane sun hi sittin, mun kama hol, mun buga bana, mun gayyato babban baƙo, an ci an sha. Wata na biyu mutum bakwai sunka zo, na ukku ni da abokina ɗai, sai munka ɗage har yau. Guruf ɗinmu na WhatsApp ya koma wurin tura talla. Ina munka yi kuskure? Daga wani matashi a Tambuwal.

AMSA: Ɗan'uwa wannan wasiƙa taka ta taɓa ni, don mu ma mun bi ta nan. Amma in gaya maka gaskiya kuskuren ba a wata na biyu yake ba da mutane suka ragu, wannan dole ne, sittin ɗin nan yawancinsu biki suka zo kuma biki ya ƙare. Kuskuren a wata na uku yake, ranar da kai da abokinka kuka kalli juna kuka ce a ɗage. Da kun buɗe laftof kun yi awa biyu kuna gyara wani abu, kun ɗauki hoton allo kun tura guruf kun ce ga abin da muka yi yau, sai Asabar kaza, to da zaman yana nan da ransa. Mutum biyu ma zama ne. Akwai watan da mu uku ne kacal, ana tsakiyar jarabawa ga ruwa an tafka tun asuba, muka zauna muka yi abinmu, kuma ɗaya daga cikin ukun nan shi ke riƙe da makullin ajin yanzu.

Mu mutanen Sakkwato bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Karatun zaure da aka gada a garin nan da me ya rayu? Ba da bana ba, ba da babban baƙo ba. Almajiri ya san bayan asuba ko bayan la'asar malam yana nan a kan buzunsa, ko mutum ɗaya ne ya zo za a biya masa, shi ya sa yake ɗauko littafinsa ya taho ba sai an aika masa ba. Abin da zaman manhaja yake buƙata kenan, rana sananniya da wuri sananne waɗanda ba sa motsi, har ya zama wanda ya yi wata huɗu bai zo ba ya san in ya hau kabu-kabu ranar Asabar ɗin farko zai tarar da mutane. Ko a can inda aka ƙera kwamfutar ma haka abin ya faro. A watan Maris na 1975, shekarar da aka kafa jami'armu ta nan Sakkwato, wasu masu sha'awar kwamfuta suka taru a garejin wani mutum mai suna Gordon French a Menlo Park ta jihar Kalifoniya, suka kira kansu Homebrew Computer Club, kowa na zuwa da abin da ya haɗa yana nuna wa 'yan'uwa. Steve Wozniak yana cikin masu zuwa, kuma a taron wannan ƙungiya ya nuna kwamfutar Apple ta farko daga baya. Gareji ne fa, ba hol ba.

To in za ku sake tashi, ku bar hol. Kuɗin hol da na abinci su ne ke kashe zama, don wata na biyu ba wanda zai iya sake fitar da su, sai a ji kunyar yin ƙaramin abu bayan an yi babba. Ku nemi aji a wata makaranta ko shagon wani mai kafe da ba ya cika ranar Asabar da safe, ku duba abu biyu kawai, wuta da iska. Wurin da ke da sola ya fi wurin da ke da kujeru masu kyau, kuma daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, laftof ma da kanta zafi take ɗauka ta riƙa jan ƙafa, don haka zaman safe ya fi, ƙarfe biyu na rana kam ba mai iya tunani. Ku sayi doguwar wayar soket mai baki da yawa, wannan ita ce kadarar ƙungiya ta farko, sai jakar fiya wata. Da azumi ba ma ɗagewa, ragewa muke yi zuwa awa ɗaya da rabi.

Maganar data kuma, kar ku bari mutum ashirin kowa ya sauke abu ɗaya da datarsa. Mutum ɗaya ya sauke Python ɗin da daddare, ya sauke littafin bayaninsa wanda ake samu kyauta a shafinsu don karantawa ba intanet, in akwai wani ƙarin kunshi da za a yi aiki da shi kamar pandas ko Django ya jawo shi da pip download, duka a zuba a filasha a zagaya da ita. Kuma don Allah duk wanda zai saka Python a Windows a tsaya a kansa ya danna ɗan akwatin nan na PATH da ke shafin farko, wanda ke sa Windows ta san inda Python yake, rashin danna shi ya sha cinye mana rabin awa.

Sai babban abu, kar ya zama kai kaɗai ke magana. In kullum mutum ɗaya ne a gaban allo to lacca ce, kuma ranar da ya tafi bautar ƙasa ko ya samu aiki a Abuja shi kenan an rufe. Mu muna ware rabin awa na ƙarshe, mutum huɗu ko biyar kowa minti biyar, ya nuna abu ɗaya da ya koya a watan, ko da yadda ake karanta fayil ɗin Excel ne, kuma sabon zuwa muka fi matsa wa ya fito. Wanda ya tsaya ya yi minti biyar ɗin nan muryarsa na rawa, wallahi shi ne ba ya fashi daga baya, don ya ji zaman nasa ne. Guruf kuma a sa masa doka ɗaya, ba talla ba fowadin, tambaya da amsa da sanarwar zama kawai, wanda ya karya a yi masa magana ta gefe cikin mutunci.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce, ina da aure da yara biyu, na fara koyon Python a waya. Mata suna zuwa zamanku? Maigidana bai hana ni ba amma ya ce yana son ya san wurin da kuma waɗanda ke zuwa. Daga wata 'yar'uwa a Runjin Sambo.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara basira. Mata suna zuwa, ba su kai maza yawa ba amma suna zuwa, kuma kin ga a labarin da na bayar a sama mace ce ta gano bakin zaren. Maganar maigida kuwa tana kan hanya, ki ce masa ya rako ki zaman farko ya zauna ya gani, ƙofa a buɗe take, da rana ake yi kuma da an kira azahar an tashi. Mata suna da layinsu na benci, mai goyo ta zo da goyonta, kuma muna da ƙa'ida da ake karantawa duk sanda aka samu sababbi: ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa, ba a ɗaukar lambar mace daga guruf a bi ta ta gefe, wanda ya yi an sallame shi. Wannan ba mu muka ƙirƙiro ba, gidauniyar Python Software Foundation da aka kafa a 2001 tana sharɗanta wa tarukan da take tallafawa su kasance da rubutacciyar ƙa'idar ɗa'a, mu kuma muka ga ta dace da tarbiyyarmu muka ɗauka.

Amma ina da wata shawara da ta fi wannan. In kin samu mata uku ko huɗu a makarantarku masu sha'awa, ku buɗe naku zaman na mata zalla, ko a falon ɗaya daga cikinku ne, mu za mu turo muku ɗaya daga cikin ɗalibai mata ta riƙa duba ku. A duniya akwai irinsa, PyLadies ta faro a Los Angeles a 2011, Django Girls kuma wasu mata biyu 'yan ƙasar Poland suka fara ta a 2014, darasinsu yana nan kyauta a intanet kuma an sha yin taronsu a garuruwan Najeriya. Mu a nan ma ai muna da abin koyi tun kafin su, Nana Asma'u 'yar Shehu da tsarinta na 'Yan Taru, inda jajis ke zuwa su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su koyar da mata a gidajensu. Ki fara da abin da ke gabanki, ƙaramar manhaja da za ta tara makin ɗalibanki ta fitar da na ɗaya da na biyu, ranar da sauran malamai suka ga kin gama sakamakon aji cikin minti kaɗan su da kansu za su nemi ki koya musu.

TAMBAYA: Malam, ɗana kullum Asabar sai ya ce ya tahi wajen 'yan Python. Ni dai tambayata, ana ba da satifiket? Kuma abin ga yana kawo aiki ko ɓata lokaci na? Daga wani uba a Gawon Nama.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, ya kuma saka da alheri da kuke bibiyar inda yaro yake zuwa. Ba ma ba da satifiket, kuma ba zan ce muku zaman yana raba aiki ba, don ba ya rabawa. Takarda a makaranta ake samunta, ya riƙe karatunsa da kyau, in kuma yana son horo mai takarda akwai shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ƙarƙashin ministan sadarwa Bosun Tijani, da burin horar da mutum miliyan uku. Abin da zamanmu ke ba shi daban ne. A wannan sana'a mai ɗaukar aiki yakan ce nuna min abin da ka gina, kamar dai yadda ba a tambayar tela takarda sai a ce mu ga ɗinkinka. Akwai shafin da ake kira GitHub inda masu manhaja ke ajiye aikinsu kowa ya gani, muna koya wa yara su riƙa zuba nasu a can. Sannan duk ƙananan ayyukan da na ga sun faɗo wa yaranmu, na mai kemis da ke son lissafin kaya ko makarantar da ke son shafi, ta bakin wani da suka zauna benci ɗaya suka zo. Ku gwada shi Baba, ku ce ya buɗe ya nuna muku abin da ya rubuta a wata ukun nan ya kuma yi muku bayani da Hausa, in harkar kasuwa kuke yi ku ba shi littafin bashi ku ce ya mayar da shi manhaja. In ya iya to zuwansa yake yi, in ya kasa ku turo min saƙo ni zan zauna da shi.

TAMBAYA: Malam me ya sa Python, ba JavaScript ba? Kuma yanzu da ChatGPT ke rubuta komai, meye amfanin in taso tun daga Arkilla in zo zama? Daga wani mai gyaran waya.

AMSA: Maigida ba wata gaba tsakaninsu, in shafin intanet kake son ginawa dole ma sai ka taɓa JavaScript, kuma masu shi suna zuwa wurinmu. Mun tsaya kan Python ne don rubutunsa ya fi sauƙin karantawa ga sabon shiga, kyauta ne, yana tafiya a tsohuwar laftof, kuma ya daɗe, tun 1991 Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar da shi, ga jama'a a bayansa har a nahiyarmu, don an yi babban taron PyCon Africa na farko a Accra ta Ghana a 2019. Abu ɗaya dai ka kiyaye, in ka ga darasi yana rubuta print ba baka biyu to na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020, ka wuce shi.

ChatGPT kuma muna amfani da shi, tun fitowarsa a ƙarshen 2022 ba wanda ya hana. Amma kai mai gyaran waya ne, ka san bambancin wanda ya kalli bidiyon canza allo da wanda ya zauna kusa da ogansa ya ga yadda ake ɗaga filas ɗin ba a tsinka ba. A zaman da ya wuce wani yaro ya zo da manhajar adashe da ChatGPT ya rubuta masa tsaf, tana tafiya ba jan rubutu ko ɗaya, sai wata baiwar Allah da ta shekara tana riƙe adashen unguwarsu ta ce to in mutum ɗaya ya shiga da hannu biyu fa, ko aka yi wa wata haihuwa aka ba ta kwasar wani? Aka gwada, lissafi ya watse. Yaron bai san layin da zai taɓa ba don ba shi ya rubuta ba, muka zauna muka bi ta layi layi da shi har ya gane inda aka ɗauka cewa kowane suna kwasa ɗaya gare shi. Bai gama gyaran ba, ya ce zai kawo ta Asabar ɗin farko ta wata mai kamawa, ita ma mai adashen ta ce za ta zo da tsohon littafinta a gwada da lissafin gaske. In ka samu dama ka rufe shago na awa biyu ka zo, ka taho da cajarka, bakin soket ɗinmu goma sha biyu ne kuma yana saurin cika.